Gurbin Matar Goni

Ranar da aka kai Goni Bukar makwancinsa, tun masu jana'iza ba su gama watsewa daga ƙofar gida ba, abu biyu suka bar hannun matarsa Falmata. Na farko 'yan kunnenta, waɗanda yayar mijin, Ya Kaka, ta cire mata da kanta ta ƙulle a bakin zane. Na biyu 'yar wayar Goni mai madannai, wadda ƙaninsa Alhaji Bashir ya zuro hannu ta gefen labule ya karɓa.

"Yaya, kawo wayar nan," in ji shi. "Masu ta'aziyya sai kira suke, ke kuma yanzu ba ki da bakin amsawa."

Ta miƙa masa. Wa zai yi wa ƙanin miji rowar waya ranar mutuwa? Balle Bashir, wanda ta zo gidan tana amarya ta tarar da shi ɗan shekara tara da ƙazuwa a hannu, ita ta yi ta shafa masa magani har ya warke.

Da la'asar Ya Kaka ta shigo da kwanon sha cike da ƙwallayen dabino, ta dire a gabanta, ta ajiye wani kwanon babu komai a gefe.

"Ɗari da talatin ne cif, sau biyu na ƙirga. Kullum kika idar da asuba ki ɗauki ɗaya ki jefa a wancan. Wata huɗu da kwana goma. Ba kwalli, ba turare, ba lalle, ƙafarki kuma ba za ta tsallake dokin ƙofar zaure ba. Haka uwarmu ta yi wa ubanmu takaba, haka za ki yi wa ƙanina. Ni kuma na dawo ɗakin can na tsallake, in taya ki zama."

Falmata ta ce to. Ko ba a ce ba, ai za ta yi. Shekara talatin da huɗu ta yi da mutumin nan a wannan gida na Jakara, Allah bai ba su haihuwa ba, shi kuma bai taɓa ɗaga ido ya dubi wata ba. Yana zaure yana rubuta Alƙur'ani da alƙalamin kara, tana tsakar gida tana dafa masa tawada. Iyayenta sun daɗe da rasuwa, danginta sun ƙare sai 'yar wani ɗan baffanta da ke aure a Ƙofar Dawanau. Abin da take da shi a duniya shi ne ɗakin nan mai azara baƙa da rijiyar da ke bakinsa. Goni ya sha gaya mata, "Ko na riga ki, rubu'inki na gado ya isa ya rufe ɗakin nan da rijiyar. Ba mai ɗaga ki."

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Daga nan ƙafa ta ɗauke, kamar an share gidan da tsintsiya. Langar tuwon da ake aikowa daga gidan Alhaji Bashir safe da yamma ta koma sau ɗaya, daga baya ta koma ranar da aka tuna. Ya Kaka kuwa wuni take a ɗakinta da rediyo a kunne, in ta leƙo to dubawa take ko Falmata ta sa wani abu mai launi. Sai ka ga Falmata ta yi wuni sur ba ta yi magana da kowa ba in ban da kajinta biyu. Wani lokaci idan ta ji an yi gyaran murya a lungu sai ta miƙe zumbur za ta ɗauki buta, kafin ta tuna mai butar ba ya nan. Kewa ta yi mata katutu, wallahi, har abinci ya daina yi mata ɗanɗano.

Damina ta sauka. Indararon ɗakinta ya karye, ruwa ya fara bin bango. Ta aika a gaya wa Alhaji. Ya aiko cewa a tara roba tukuna, magini ya yi tafiya. Kwana uku bayan haka sai ga shi da wasu mutum biyu da tef ɗin awo, suka yi sallama daga zaure, aka ce mai takaba ta shige ɗaki. Tana jin su suna ja daga bangon gabas zuwa rijiya, ɗaya yana cewa nan ai daga kasuwar Kurmi ko ɗan dako ba zai gaji ba, sito ne mai kyau.

Ranar da ta jefa ƙwallo na sittin da biyu, maƙwabciyarta Malama Hassana, mai koyarwa a Islamiyyar mata, ta shigo gaishe ta. Ta zauna a bakin tabarma tana ta murza bakin hijabi.

"Inna, akwai maganar da ta hana ni sukuni. Maigidanmu yana zauren mai unguwa jiya Alhaji Bashir ya kai takardar shaidar mutuwar Goni a buga hatimi. Yanzu ba a sayar da gidan mamaci sai da ita. A shafin gwamnati na intanet ake cike ta, a jera magada."

"To ai madalla. An huta."

"Inna, akwai gurbin da aka ce a rubuta sunan matar mamaci. An rubuta babu."

Falmata ta dube ta. "Babu me?"

"Babu mata. Magada biyu ne a jiki, Alhaji da Ya Kaka."

Falmata ta yi 'yar dariya, don abin bai shige ta ba. Duk Jakara wa bai san matar Goni ba? Jariran da ta yi wa wanka ma sun yi 'ya'ya. Amma Malama Hassana ba ta yi dariya ba. Ta fito da wayarta ta buɗe shafin, ta karanta mata dalla-dalla: ana iya gyara takardar cikin kwana casa'in daga ranar rasuwa. Bayan nan shafin ya rufe, sai dai kotu. Kuma ba a sa sunan mace a gurbin sai ta kawo takardar shaidar aure.

Takardar aure! Ina Falmata ta gan ta? A zauren mahaifinta aka ɗaura, aka raba goro da alewa, aka shafa fatiha, shi ke nan. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani tara da hannunsa bai taɓa rubuta mata ko layi ɗaya ba, don bai taɓa zaton akwai ranar da za a tambaye ta hujjar zamanta a ɗakinsa ba.

"Ana iya nema ko yanzu," in ji Hassana. "Hanya biyu ce. Ko dai mu cike a nan, su tura lambar tabbatarwa zuwa layin wayar Goni, tunda da shi ya yi rajistar katinsa na ɗan ƙasa. Ko kuma ki je ofis da ƙafarki, da mutum ɗaya da ya halarci ɗaurin auren, ki dangwala yatsa."

Falmata ta lissafa a ranta. Waliyyinta ya rasu, wakilin ango ya rasu, limamin da ya ɗaura ya rasu. Saura Malam Ashafa na Gwammaja, abokin karatun Goni, wanda yanzu ido ya tafi amma hankali yana nan garau.

Da Alhaji Bashir ya zo ranar Juma'a, ya tsaya daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba tun da ta shiga takaba, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga ɗakin. Ta tambaye shi a hankali, cikin kunya, kamar ita ce mai laifin.

"Haba Yaya!" Ya tafa hannu. "Wa yake kawo miki irin waɗannan maganganu kina cikin wannan hali? Injin ne fa. Na rubuta sunanki da hannuna ya ƙi karɓa, wai sai an ɗora takardar aure. Mai kafen intanet ɗin ya ce in ba a danna babu ba, ba zai wuce shafi na gaba ba. Layi kuma ga mutane a bayana. Takarda ce kawai. Wa zai ce ke ba matar Goni ba ce?"

"To a gyara mana, Alhaji. An ce lamba za su turo a wayar yayanka."

"Za a gyara, in sha Allahu. Ke dai ki ji da ibadarki."

Ka ji fa. Wai takarda ce kawai. In takarda ce kawai, me ya kai shi zauren mai unguwa neman hatimi? In ba ƙira, me ya ci gawayi?

Malama Hassana ta cike fom ɗin ranar Asabar bayan ta taso daga makaranta. Ta ɗauki Falmata hoto a jikin bango, fuska fayau ba kwalli, ta ɗora. Shafin ya yi ta juyi, ya ɗauke, ya dawo, aka sake daga farko. A karo na uku ya ce an tura lamba, a shigar da ita cikin minti goma. Hassana ta kira Alhaji. Wayar ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Minti goma suka wuce suna zaune suna kallon waya.

Ranar Litinin ya ɗauka, ya ce yana Legas wajen kaya. Ranar Alhamis ya ce wayar Goni tana gida, yara sun yi wasa da ita ba caji. Mako na gaba ya ce layin ne ma gaba ɗaya ya daina aiki, ai kin san kamfanonin nan, da sun ji mutum ya kwana biyu bai yi kira ba sai su toshe. A gaban Falmata Hassana ta buga lambar Goni. Ta shiga, tana ringin tar, har ta katse. Falmata ta karɓi wayar ta kara a kunne, ta ce a sake bugawa. Ba don tana zaton za a ɗauka ba. So take kawai ta ji wani abu nasa yana motsi a duniya.

Ƙwallaye suna ta komawa ɗaya kwanon. Saba'in da biyar. Tamanin. Bangon ɗaki ya jiƙe har ya fara zubar da ƙasa a kan gadonta, ta ja gadon tsakiya. Kaza ɗaya ta faɗa rijiya, ba wanda zai ciro ta sai da Hassana ta turo mijinta.

Ranar tamanin da shida Hassana ta shigo da saurinta.

"Inna, saura kwana huɗu. Na je Gwammaja da kaina, Malam Ashafa ya ce ko a kafaɗa ne a ɗauke shi, zai je ya yi shaida. Ya ce shi ya riƙe wa Goni takalmi ranar ɗaurin auren. Na tsayar da adaidaita sahu a bakin lungu. Kuma Inna, na tambayi malamai, na kuma karanta da idona: mai takaba tana iya fita da rana saboda lalura, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Addini bai hana ki ba."

Falmata ta daɗe tana kallon kwanonin nan biyu. Sannan ta miƙe, ta zura hijabinta mai ruwan toka, ta sa silifas. Rabonta da takalmi a ƙafa da niyyar fita tun ranar da aka kai Goni asibiti. Suka ratsa tsakar gida. Suna shiga zaure, ga Ya Kaka zaune a kan buzun Goni, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya, carbi a hannu.

"Ina zuwa?"

Hassana ta fara bayani. Ya Kaka ko kallon ta ba ta yi ba.

"Ba da ke nake ba, 'yar boko. Falmata, da ke nake. Ƙasar kabarin ƙanina ba ta gama bushewa ba, za ki fita titi maza su kalle ki, ki je ofis ki yi layi kina neman gado? Shekara talatin da huɗu ya riƙe ki, ba ɗa ba jika, bai taɓa yi miki gori ba, mutane suna zuga shi yana toshe kunne. Kwana ɗari da talatin ɗin ne ba za ki iya ba shi ba? A gidanmu ba a taɓa yi ba. In kin tsallake dokin ƙofar nan, gobe duk Jakara za a ce matar Goni ta karya takaba saboda ɗaki."

"Ya Kaka, an ce babu ni a takardar."

"Takardar banza takardar wofi! Mu da muka ɗauko ki da guɗa muka kawo ki gidan nan, mu ne ba mu san ke matarsa ba ce? Ki gama abin da Allah ya ɗora miki. Ranar da kika fita takaba, ni da kaina zan sa Bashir a gaba a gyara. Ba ki yarda da ni ba ne?"

Daga inda take tsaye Falmata tana hango hasken lungu, har da gefen adaidaitar mai ruwan ɗorawa. Taku huɗu ne. Amma ga allunan Goni jingine a bango, ga kurtun tawadarsa da ta bushe, ga buzunsa. Maganar gorin haihuwar nan ta soke ta inda ba ta taɓa warkewa ba. Gaskiya ne, ya rufa mata asiri a lokacin da kowa ke cewa ya ƙaro. In ta fita, da wane ido za ta dube shi gobe kiyama?

Ta sunkuya ta cire silifas ɗin ta riƙe a hannu.

"Hassana, sallami mai adaidaitar. Allah ya saka miki."

"Inna!"

"Ki sallame shi."

Ta koma ɗaki. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, amma Falmata ko fushin ma ba ta iya ba. Kuka kawai ta yi, marar sauti, har aka kira azahar.

Kwana casa'in suka cika ranar wata Talata. Ba abin da ya faru. Rana ta fito ta faɗi, mai gurasa ta yi tallanta ta wuce. Hassana ta buɗe shafin da yamma ta ga wurin gyaran ya dushe, ko an danna ba ya motsi, ta kasa shigowa ta faɗa sai washegari. Ta ce saura kotu, kuma kotu za ta saurari Malam Ashafa. Ranar ƙwallo na ɗari da goma sha ɗaya aka aiko daga Gwammaja cewa Malam Ashafa ya cika bayan sallar asuba. Falmata ta yi masa kukan da har Ya Kaka ta leƙo tana mamaki, wai me ya haɗa ta da shi haka.

Ranar fitar takaba gidan ya sake cika. An dama gumba, an dafa shinkafa, mata sun zo da 'yan kwanukansu. Ya Kaka ta shigo da sabuwar atamfa ɗinkakkiya da ƙullin lalle da 'yan kunnen nan, fuskarta washe.

"Alhamdu lillahi, kin fita kunyarmu, kin fita kunyar ƙanina. Samun mace irinki sai an tona. Tashi ki yi wanka."

Alhaji Bashir ya yi sallama, yau har cikin ɗaki, ya zauna a bakin gado yana kauce wa inda ke ɗiga. Ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya gyara hula ya ce ai Yaya ta ga yadda ginin ya zama, zama a ciki ma haɗari ne. Allah ya kawo mai saye, an gama magana, wata mai kamawa zai fara rushewa. Ya riga ya yi magana da 'yar ɗan baffanta ta Ƙofar Dawanau, sun ce akwai wuri a ɗakin yara. Kuma ba za su bar ta haka ba, shi da Ya Kaka sun yi shawara za su ba ta wani abu na ihsani daga rabonsu.

Ihsani, jama'a. Matar da Alƙur'anin da mijinta ya rubuta sau tara ya yanka wa rubu'i, ita ake yi wa ihsani a ɗakinta.

"Ya Kaka," in ji Falmata, "kin ce yau za ki sa shi a gaba a gyara."

Ya Kaka ta kau da kai. "To ai kin ji an ce shafin ya rufe. Mu mun isa mu buɗe abin gwamnati? Haka Allah ya ƙaddara."

"Takardar tana jikinka, Alhaji?"

Ya zaro ta daga aljihu. Fara ce sol, an lulluɓe ta da leda mai sheƙi. Falmata ta kira Hassana daga tsakar gida ta ce ta karanta da ƙarfi, ta fassara. Matan da ke bakin ƙofa suka matso. Hassana ta karanta sunan Goni, da ranar rasuwa, da unguwa. Sannan ta iso wurin.

"Matar mamaci. Babu."

Falmata ta sunkuya ta jawo kwanon daga ƙarƙashin gado. Da asubar ranar ta jefa na ƙarshe. Ta ɗaga shi da hannu biyu ta juye a kan sabuwar atamfar, ƙwallaye suka gangara, wasu kan ƙafar Alhaji, wasu har bakin ƙofa.

"Ɗari da talatin ne, Ya Kaka, ki ƙirga, ban ci ko ɗaya ba. Ke kika ba ni. Ke kika cire min 'yan kunne, ke kika tare ni a zaure." Ba ta ɗaga murya ba. "Kun gaya wa gwamnati Goni bai bar mata ba. Ni kuma kun kulle ni wata huɗu da kwana goma kun ce in yi wa mijina. To ku gaya min a gaban mutanen nan, don ni kaina ya kulle. Takabar wa na yi?"

Alhaji ya dubi agogonsa. Ya Kaka ta shiga jan carbi da sauri. A tsakar gida wata ta ce innalillahi a hankali, wata ta ja 'yarta suka fice. Ba wanda ya amsa, kuma har yau ba a amsa ba.

Bayan kwana tara adaidaita ta tsaya a bakin lungu. Akwati ɗaya, da tabarma, da kaza ɗaya a kwali, da gafakar Goni da ta rataya a wuya ƙarƙashin hijabi. Ya Kaka ta riga ta koma gidanta tun ranar gumba, Alhaji kuma ya aiko cewa uzuri ya riƙe shi. Hassana ce kaɗai ta rako ta. A zaure Falmata ta tsaya, ta dubi dokin ƙofar da ya gagare ta ranar da tsallake shi zai yi mata amfani. Yau ba kowa a kan buzun, buzun ma an naɗe. Ta ɗaga ƙafa ta tsallake, ba wanda ya ce mata ina zuwa.